Omega Seamaster 300M, ya lokacinsa yake?

Masu cewa wai ya za a yi mutum ya zuba miliyoyi a agogo kuma ya dinga yin gaba da sakan 3 a rana, wallahi wannan ba matsala ba ce. Babu batir a cikinsa fa, sifirin ne da ƙananan ƙarafa masu haƙora, motsin hannunka ne ke wana shi.

Ƙa'idar COSC, hukumar gwajin agogo ta Suwizalan, ta yarda agogo ya yi latti da sakan 4 ko ya yi gaba da 6 a rana, shi kuma wannan Omega ɗin gwajin METAS, hukumar awo ta gwamnatin Suwizalan, ya ci, wato gaba daga 0 zuwa sakan 5 ko 6 a rana, latti kam ba a yarda da shi ba sam, kuma abin da ya fi burge ni kenan don gara ka riga lokaci da ya riga ka. Nawa agogon yana ƙara wajen sakan 2 a rana, in na kwantar da shi a gefensa da daddare sai ya ɗan rage.

Maganaɗisu ma baya damunsa har gauss 15,000 (ma'aunin ƙarfin maganaɗisu kenan), ajiye shi kusa da lasifika abinka. Rolex sun fi matse nasu, sakan 2 gaba ko baya. Amma Omega ɗin in ka cire shi ya wuce awa 55 zai tsaya, sai ka sake saitawa.