Na'urar TENS ga mai ciwon jijiya da yawan fargaba: abin da na gani

Duk mai ciwon jijiya da ya tambaye ni ko ya sayi na'urar TENS, wato na'urar rage ciwo da lantarki ta fata, ce masa nake ya saya, amma ya san cewa sararawar ɗan lokaci zai saya, ba waraka ba. Na yi watanni ina amfani da ita saboda wata jijiya da ta danne min a ƙugu, ta bar ni da zugi da ƙuna tun daga cinya har tafin ƙafar hagu. Likitar fisiyo, wato mai gashi da motsa jiki, ce ta fara gwada min ita, daga baya na mallaki tawa.

Ƙaramar aba ce mai batir, tana shiga aljihu, da wayoyi da 'yan faifai masu danƙo da ake liƙawa a fata. Idan ka kunna sai ta riƙa sakin lantarki mai rauni, ka ji kamar kiyashi na yawo a wurin. Bayanin da aka fi dogara da shi a kan yadda take aiki ya fito ne daga Ronald Melzack da Patrick Wall a shekarar 1965. Sun ce a cikin lakar ƙashin baya akwai wata irin ƙofa da saƙon ciwo ke bi kafin ya kai ƙwaƙwalwa, kuma saƙon taɓawa yana iya tura ƙofar nan ta rufe. Shi ya sa wanda ya buge gwiwa yake murza wurin tun kafin ya yi tunani. Tawa tana da bugu mai sauri, tsakanin 80 zuwa 120 a daƙiƙa, da kuma na a hankali, ƙasa da 10. Mai saurin ne ya karɓe ni. Ɗayan fizgar min tsoka yake yi, na bar shi.

Muddin tana kunne, ƙunar tana ja da baya sosai. Idan na kashe, sauƙin yakan ɗan jima, sannan ciwon ya dawo inda yake. Ga wanda bai san ciwon da ya wuce wata 3 yana cin mutum ba, wannan ba komai ba ne. Ni kuwa da wannan ɗan tsakanin nake samun yin barci.

Inda ta fi ba ni mamaki shi ne ranakun da hankalina yake a tashe. Wuri ɗaya na liƙa, ƙarfi ɗaya na sa, amma sai in ji kusan ba ta yin komai. Ranar da nake cikin fargaba, kafaɗa da ƙugu a ɗaure suke, numfashi sama-sama, zuciya na bugawa, tunanina gaba ɗaya yana kan ƙafar: ko ta ƙara lalacewa ne, ko haka zan ƙare. Ashe su Melzack ɗin ma sun faɗi haka, cewa ƙwaƙwalwa tana aiko da nata saƙon ƙasa, ta buɗe ƙofar ko ta rufe ta. Ba damuwa ce ta danne min jijiya ba, amma ita ke rura ciwon, ciwon kuma ya hana barci, rashin barci ya ƙara damuwar. Kuma don Allah masu ce wa mara lafiya "tunani ne kawai, cire shi a ranka" su daina. Ciwon na gaske ne, ko da fargaba ce ta ƙara masa ƙarfi. Yanzu idan na kunna na'urar nakan kwanta, in ja numfashi a hankali, in sake shi a hankali fiye da yadda na ja. Haɗin nan ya fi min kowannensu shi kaɗai.

Tana da nata takaicin. Faifan suna saurin rasa danƙo, sai ka yi ta sayen sababbi, kuma fatata takan yi ja da ƙaiƙayi idan ban canza wuri ba. Jiki ma yana sabawa, dole ka riƙa ɗan ƙara ƙarfi. Hujjar kimiyya kuma ba ta yi ƙwari ba: nazarin da ƙungiyar Cochrane mai tace binciken lafiya ta yi a 2017 a kan ciwon jijiya ya kasa yanke hukunci saboda raunin binciken da aka yi, hukumar NICE mai ba da shawara kan jinya a Birtaniya kuma a 2021 ta ce kada a ba da ita ga masu daɗaɗɗen ciwon da ba a gano wata cuta a bayansa ba. Saboda haka ban ajiye maganin amitriptyline da likita ya rubuta min ba, ban kuma daina motsa jikin da aka koya min ba.

Mai na'urar daidaita bugun zuciya a ƙirji, da mai farfaɗiya, da mai juna biyu, kada su taɓa ta sai da izinin likita. Ba a liƙa ta a maƙogwaro, ko kusa da ido, ko kan rauni, ko wurin da fata ta mutu ba ta ji. Wanda kuma ƙafarsa ta fara rasa ƙarfi, ko fitsari ya fara kufce masa, asibiti zai nufa nan take.