Kornish ɗin Jidda ko Duwatsun Ɗa'if: Ina Za Mu Kai 'Yan Matanmu Gudu?

Tun da aka shigar da darasin motsa jiki makarantun 'yan mata na gwamnati a Saudiyya a 2017, iyaye mata suke yawan tambayata: "Hajiya, Kornish ko Ɗa'if?"

Kornish, wato hanyar shaƙatawa ta bakin tekun Jidda, kyauta ne, ga fitilu, ga jama'a. Bayan Isha yarinya ta yi gudunta, uwa na biye da ita. Matsalarsa zafi mai ɗanko, sannan ƙasar mai tauri ce, tana gajiyar da gwiwa.

Ɗa'if kuwa, yankinta na duwatsu da ake kira Shafa tsayinsa ya haura mita 2,000, iska mai sanyi, hawa da gangara suna gina ƙafa da numfashi. Ranar da 'yata ta fara kaiwa saman tudu da ƙafarta, sai da na yi ƙwalla. Amma akwai kuɗin mai, tafiyar sama da awa biyu daga Jidda, takalmi mai riƙe dutse, ga targaɗe, ga birai a hanyar Hada, wato hanyar dutsen da ake hawa zuwa Ɗa'if. Dole babba ya raka ta, da isasshen ruwa.

Mai farawa, ko gidan da babu mota, Kornish ya wadatar. Wadda ta saba, kuma babanta zai iya ba da Asabar ɗinsa, a kai ta dutse.