Rumfar gwaji ko zauren kayan tarihi: ina za a fara kai yara?

Hajiya, kin ce makarantar yaranki ta aiko da takarda cewa za a yi bikin kimiyya a gidan tarihi ranar Asabar. Akwai zagayen kallon kayan da aka baje, akwai kuma rumfunan da iyali ke zama su yi gwaji da hannunsu. Ke kuma daga Agege za ki taso da yara uku, mai shekara 5, mai 9 da mai 13, ga gosulon hanya, ga shi ba a raba uwa gida biyu. Kika ce wanne ya fi?

Na kai nawa irin wannan taro, kuma kafin nan mun sha zuwa gidan tarihi na ƙasa da ke unguwar Onikan a Legas. A ganina ki fara da rumfa, zaure ya zo daga baya. Rumfa ta yini ɗaya ce, da la'asar ta yi an naɗe tabarma. Kayan tarihi kuwa suna nan cikin gilashinsu, ko bayan Sallah kika koma za ki same su.

Rumfa wuri ne na hayaniya da ɓata riga. A wadda muka zauna, wata ɗaliba 'yar jami'a ta jera kofuna uku na ruwan zoɓo marar sukari. Ta ba autana rabin lemun tsami ya matsa a na farko, jan ya ƙara haske. Ta ɗiga ruwan kanwa a na biyu, nan take ya rikiɗe ya yi duhu mai ratsin kore. Yaron ya ja da baya, ya kalle ni, ya ce, "Umma, ta lalata zoɓon." Na ukun ba a taɓa shi ba, don ido ya samu abin aunawa. Ta ce musu launin da ke cikin zoɓo yana sauyawa ne gwargwadon abin da ya tarar, tsami ko kishiyar tsami irin kanwa. Daga nan ta haɗa kanwa da lemun a cikin gora, ta ɗaure balan-balan a baki, kumfa ta taso, balan-balan ta soma kumbura da irin iskar da muke fitarwa in mun yi numfashi. Ni da na yi shekaru ina jefa kanwa a miyar yakuwa don ta kashe tsami, ranar na san abin da ke faruwa a tukunyata.

Sai dai rumfa na da nata aibin. Layi yana da tsawo, kayan aiki kan ƙare kafin azahar, kuma bayani yakan nutse cikin ihun yara. Yaro zai iya komawa gida da mamaki zalla, kamar ya kalli mai rufa ido, bai riƙe dalilin ba. Mai shekara 13 ɗin nan taki kuma, kada ki yi mamaki in ta naɗe hannu ta ce wannan wasan 'yan firamare ne.

Zaure akasin haka yake. Shiru, gilashi, da ma'aikaci mai cewa kar a taɓa. Mai shekara 5 ba zai yi minti goma ba zai fara tambayar ina ruwa, ina banɗaki. Amma abin da ke ciki ya fi na rumfa nauyi nesa ba kusa ba. Gidan na Onikan tun 1957 aka buɗe shi, Bature Kenneth Murray ne ya tsaya kan kafa shi, kuma yana ajiye da kayan yumɓu na Nok, da tagullar Binin da Ife da Igbo-Ukwu. Nok ɗin nan ƙauye ne a kudancin Kaduna, inda masu haƙar kuza suka fara tono irin waɗannan sassaƙe a 1928. Shahararren kan mutum na yumɓu da aka tono a yankin Jama'a ma a gonar doya aka kafa shi don korar tsuntsaye, kafin ya isa hannun Bature masanin kayan tarihi Bernard Fagg a Jos a 1943. Abu ne da ya haura shekara 2,000, kuma masu shi sun san narka tama su fitar da ƙarfe.

Ga inda jerin da na ce ki bi yake da amfani. A rumfar yumɓu ɗana na tsakiya ya mulmula kan mutum, dunƙulalle, ba rami a ciki. Mai koyarwar ta gargaɗe shi cewa in aka gasa shi haka zai fashe, don danshin ciki ba shi da hanyar fita, ya ƙi ji. Da muka tsaya gaban kan Nok daga baya, shi da kansa ya lura cikinsa holoƙo ne, kuma an huda ƙwayar ido da hanci. Ya daɗe a tsaye, sannan ya ce, "Ashe sun sani." Da zauren muka fara shiga, da ya wuce shi kamar yadda yake wuce tukunyar ƙasa a kasuwar Mile 12. Haka ma tagulla: in yaro ya taɓa sassaƙa kakin zuma, zai gane yadda maƙeran Binin ke lulluɓe siffar kaki da yumɓu, su gasa kakin ya narke ya tsiyaye, su ɗura narkakkiyar tagulla a gurbinsa.

Babbar taki kuwa, na san abin da zai tsayar da ita. Baƙar Marsandin da aka harbe Janar Murtala Muhammed a cikinta, ranar 13 ga Fabrairu 1976 a Ikoyi, tana nan a Onikan da hujin harsashi a jikinta. Ki tafi da naira ashirin a jaka, ki miƙa mata ta dubi fuskar da ke jiki tana tsaye gaban motar. Tawa ba ta yi magana ba sai da muka fito waje.

Na san wasu iyayen kan ɗaure fuska su ce ai gumaka ne. Ni abin da na gaya wa nawa shi ne, mun zo duba yadda aka yi su ne, da me aka yi, shekara nawa suka yi a ƙasa ba su ruɓe ba. Wannan tambayar ƙwaƙwalwa ce. In kin ga akwai ɓangaren da hankalinki bai kwanta da shi ba, ki wuce, ba wanda zai riƙe ki.

Don haka in lokaci ya matse har sai ɗaya za ki ɗauka, rumfa ce ta ƙananan biyu. In akwai ƙanwarki ko babansu a tafiyar, a raba aiki, babba ta shiga zaure da wuri ku same ta can. Kada kuma ki bi kowane akwatin gilashi ɗaya bayan ɗaya, ki zaɓi abu uku kawai ku tsaya a kansu sosai.

Ku fito da sassafe. Jirgin ƙasa na Red Line yana tsayawa a Agege ya sauke ku Oyingbo, daga nan mota ce zuwa wajen dandalin Tafawa Balewa (TBS) ko Obalende, amma ki bincika jadawalin Asabar tun ranar Juma'a. Idan Onikan ɗin ne, cibiyar John Randle ta tarihin Yarabawa na tsallaken titi, sai dai kada ki haɗa su rana ɗaya, ƙafar yara ba za ta ɗauka ba. Ki sa musu tsofaffin riguna. Farar jallabiyar autana har yau tana da taswirar zoɓo a ƙirji, na wanke sau huɗu ta ƙi fita.