PhosphoSitePlus: abin da na gani bayan na bi Akt a cikinsa

Binciken da nake yi a kan ciwon sukari ne ya kai ni shafin PhosphoSitePlus, rumbun bayanai kan guraben da ake liƙa wa furotin fosfet (ƙaramin sinadarin da ke kunna ko kashe aikin furotin), na kamfanin Cell Signaling Technology da ke jihar Masacusets a Amurka. Kyauta ne ga masu karatu da bincike, sai dai ka yi rajista kafin ka sauke manyan jadawalinsu.

Na gwada shi da Akt1, furotin mai amino asid 480 da ke isar da saƙon insulin a cikin ƙwayar halitta. Da ka rubuta sunan, sai ya jero maka duk gurbin da aka taɓa ganin fosfet a kansa. Gurabun suna da yawa, amma biyu ne jiga-jigai. Idan insulin ya iso, furotin PI3K ya samar da wani kitse mai suna PIP3 a jikin fatar ƙwayar, Akt ya matso can, sai furotin PDK1 ya liƙa masa fosfet a Thr308, wato amino asid na 308 a jerinsa. Wannan shi ne tada inji. Ƙarin wutar kuwa a Ser473 yake, kuma wani gungun furotin mai suna mTORC2 ke sa fosfet ɗin a can. An daɗe ana gardama a kan wa ke wannan aikin kafin ɗakin binciken David Sabatini ya nuna shi a 2005. Daga nan Akt ya juya kan sauran furotin da yake hulɗa da su: ya kwantar da GSK3 beta ta Ser9, ya sa FOXO ya fita daga cibiyar ƙwaya, ya taɓa AS160 har GLUT4, furotin mai dakon sukari, ya hau fatar ƙwayar ya shigo da sukari. Masu cire fosfet ɗin, PP2A da PHLPP, su ke mayar da Akt barci.

Abin da ya sa nake yaba shafin shi ne yadda ya raba hujja gida biyu. A gaban kowane gurbi akwai adadin binciken da aka yi wa gurbin takanas, akwai kuma adadin waɗanda na'urar auna nauyin ƙwayoyi ta tsinto shi cikin taro kawai. Ɗalibai da yawa suna ganin gurbi a jadawali su ɗauka yana da aiki. Ba haka ba ne. Wani gurbin ganinsa kaɗai aka yi, babu wanda ya san abin da yake yi. A Ser473 kuwa za ka ga takardu tuli.

Ka sani dai mai shafin ɗan kasuwa ne, yana sayar da antibodi, wato furotin da masu bincike ke gano wani furotin ko gurbi da shi, kuma za ka ga hajarsa a gefen gurabun. Ni wannan bai dame ni ba, tunda takardun da ya jingina da su na masu bincike ne daga ko'ina, kuma kana iya bin kowacce zuwa PubMed, rumbun takardun binciken likitanci a intanet.

Wanda bai san hanyar insulin ba tukuna, ya fara da littafin aji, domin shafin ba ya koyarwa, jerawa yake yi. Kuma a buɗe shi a kwamfuta, jadawalin sun yi wa waya faɗi.