Gidan kallon ƙwallon bayan kasuwarmu a zamanin VAR

Tun da VAR, wato na'urar bidiyon da ke taimaka wa alƙalin wasa ya sake duba hukunci, ta shigo harkar ƙwallo, ma'aunin da nake auna gidan kallo da shi ya canja. Da can in akwai wuta da benci da fanka mai juyawa, magana ta ƙare. Yanzu kuwa rabin abin da mutum ya biya kuɗi ya gani yana cikin mintunan nan biyu ko uku da alƙalin wasa ke dafe da kunne, ana ta maimaita hoto ɗaya. Gidan da ba zai nuna maka wannan tar ba, ya ci kuɗinka a banza. Da wannan ma'aunin zan auna gidan da nake zuwa a unguwarmu nan Kano, wanda ke bayan kasuwa kusa da masu faci. Ba sai na kama suna ba, 'yan unguwa sun gane.

Wajen wuta ba ni da ta cewa. Maigidan ya saka sola da batura, janareta kuma na ajiye don ko-ta-kwana, saboda haka ko an ɗauke wuta hoton ba ya ko ƙiftawa. Wanda ya taɓa zama a gidan da allo ya mutu daidai lokacin da alƙali ya nufi talabijin ɗin gefen fili, ya san darajar wannan. Majigi ɗaya ne babba a tsakiya, sai talabijin biyu a gefe. Da daddare majigin garau yake. Matsalarsa wasannin rana na Firimiya: haske na shigowa ta ramukan kwano ya wanke hoton, layukan satar gida su ɓace, kowa ya zana nasa da baki.

Daren da na fi yaba wa gidan shi ne 7 ga Fabrairu 2024, wasan kusa da na ƙarshe na Kofin Afirka tsakanin Najeriya da Afirka ta Kudu a Bouaké. Muna gaba da 1-0, Osimhen ya zura mana ta biyu, mutane sun hau kan benci, wasu har sun fita titi da ihu. Sai ga alƙali ya je ya duba, ya soke ƙwallon, ya dawo da wasa can ɗaya gefen ya ba Afirka ta Kudu fenareti, saboda Alhassan Yusuf ya taɗe Percy Tau tun kafin a kawo harin. Mokoena ya buga ta shiga, aka koma 1-1. To Alhassan ɗan Kano ne, sai musun ya zama na 'yan gida. Wani tela da muke kira Kawu ya miƙe yana rantsuwa cewa ƙwallo yaron ya taɓa. Wani matashi a bayansa ya ce, "Haba Kawu, ka duba ƙafar mana, ga ta nan ana nunawa!" Kuma gaskiyar yaron ce. Hoton ya fito sarai har Kawu ya zauna yana ƙunƙuni. A gidan da allonsa ke da dishi-dishi, da wannan gardama ta kai mu asuba, ko da yake golanmu Nwabali ya tare biyu mun ci 4-2 a bugun fenareti.

Amma kada wani ya ɗauka hoto mai kyau na kashe kowane musu. A Maris 2025, da aka soke fenaretin Julián Álvarez a wasan Atlético da Real Madrid wai ya taɓa ƙwallo sau biyu, ina bencin gaba, na zura ido iya zurawa, ban ga taɓawar farko ba. 'Yan Madrid duk sun gani, 'yan Barcelona ba wanda ya gani, alhali allo ɗaya muke kallo. Daga baya ma masu tsara dokokin ƙwallo sun fayyace cewa in taɓawar ba da gangan ba ce kuma ta shiga raga, sake bugawa za a yi. Hannun Marcos Rojo na Ajantina a wasansu da Najeriya a Kofin Duniya na 2018 kuwa, wanda alƙali ɗan Turkiyya ya je ya kalla ya ce ba fenareti, sannan Rojon ya dawo ya ci mu 2-1, har gobe ana tayar da shi a gidan nan duk lokacin da ƙwallo ta taɓa hannun wani.

Inda gidan ya gaza shi ne sauti. Lasifika ɗaya ce, tsohuwa, kuma in wasa uku ake nunawa sai a ba wanda ya fi jama'a. Da zarar an fara duba VAR hayaniya ta danne ta gaba ɗaya, ba ka jin mai sharhi yana faɗin abin da ake dubawa. Sai ka ga rabin ɗaki na musu kan satar gida alhali hannu ake bincike. Da yawa ba su ma san cewa tun farko abu huɗu aka kafa na'urar a kai ba: ƙwallon da aka ci, fenareti, jan kati kai tsaye, da ba wa wani kati a madadin wani, kuma sai in kuskuren a fili yake. Na yi wa maigidan maganar lasifikar, ya ce, "Malam, ko ta masallacin Juma'a na ɗauko ba za su yi shiru ba." Na yi dariya, amma dai ya kamata ya sayi sabuwa.

Abin da ya sa nake komawa duk da haka shi ne yadda yake riƙe da gidan. Yi musunka har muryarka ta dishe, ba ruwansa. Ka zagi iyayen wani, yaron ƙofa zai miƙa maka kuɗinka ya nuna maka hanya, ko kai wane ne. Ana tsayawa sallar magariba, akwai buta da tabarma a waje. Kuɗin shiga naira 200 ne, manyan wasanni 300. Bencin baya ba shi da majingina kuma fanka ba ta kaiwa can, ga sauro a ƙarƙashi lokacin damina. In wasan Madrid da Barcelona ne ko na Super Eagles, ka zo da rabin awa kafin a take, ka nemi layi na biyu ta hannun dama, nesa da ƙofa.