Kalandar tarihin Ikkilisiya: a sayi ta fleks, a gyara wurare uku

A shagunan littattafan Kirista na Zuru da Yelwa ana samun wata kalandar bango mai hotunan mutum 24 daga tarihin Ikkilisiya, kowanne da shekarunsa da layi uku na bayani da Hausa. Suna kawai ta ci, babu kwanan wata a cikinta. Jerin shekaru ne daga zamanin manzanni zuwa 1975. Don malaman Makarantar Lahadi da na ajin baftisma aka yi ta. Ta cancanci kuɗinta, amma sai malami ya bi ta da alƙalamin maka ya gyara kurakuranta kafin ya rataya.

Iri biyu ce, ta takarda mai sheƙi da ta fleks (ledar nan mai kauri da ake buga allunan talla a kai), kowace faɗinta santimita 60, tsawonta 84. Ta takardar ta fi araha, sai dai ba ta kai damina biyu a bangon ƙasa: danshi yana kumbura ta, gara ta biyo ta baya, ƙusa kuma ta yaga kusurwa da zarar iska ta shigo ta taga. Ta fleks tana da kalmasa sama da ƙasa. A zura siririyar gora a kowace, a rataya da igiya, a bar tazarar yatsa biyu tsakaninta da bango. Ƙurar hunturu tsumma mai ɗan laima ya ishe ta. Kada ta fuskanci ƙofar da rana ke shigowa, don jan tawada ne ke fara kodewa, kuma da ja aka buga shekarun. Rubutun ƙanana ne, wanda ke bayan benci na huɗu hoto kaɗai zai gani.

Inda ta fi ƙarfi shi ne layin sama. Maimakon ta fara da Turawa, ta fara da Afirka ta Arewa: Perpetua da Felisita da suka yi shahada a Kartaj a 203, Atanasiyus na Iskandariya wanda ya tsaya kan koyarwar Majalisar Nikiya ta 325, sai Agustin da aka haifa a 354 a ƙasar da yau ake kira Aljeriya, ya rasu a Hippo a 430. Yaron da aka saba gaya masa cewa addininsa kayan Bature ne zai ga amsa a bango ba tare da gardama ba. Abin takaici, daga 430 sai ta yi tsalle zuwa Martin Luther a 1517. Babu Sarki Ezana na Aksum, babu Frumentiyus wanda Atanasiyus ɗin nan ya naɗa bishop na Habasha, alhali akwai fili.

Layin ƙasa, na Nijeriya, nan kurakuran suke. A ƙarƙashin hoton Samuel Ajayi Crowther an rubuta cewa shi ya fassara Littafi Mai Tsarki zuwa Hausa. Ba haka ba ne. Babban aikin fassarar Crowther da Yarabanci ne. An naɗa shi bishop a 1864, ya rasu a Legas a 1891. Wanda ya fara aikin Hausa abokin tafiyarsa ne a balaguron Kwara na 1841, J. F. Schön, kuma ya dogara ƙwarai da Dorugu, yaron Bahaushe da ya bi Heinrich Barth, Bajamushe mai yawon bincike, zuwa Ingila. Cikakken Littafin da Hausa sai a 1932 ya fito, da hannun Dakta Walter Miller da wasu.

Na biyu, ta sa 1893 a matsayin shekarar kafa ECWA. A 1893 Gowans da Kent da Bingham, waɗanda suka fara mishan ɗin SIM da ECWA ta fito daga cikinsa, suka sauka Legas. Biyun farko sun rasu a 1894, Gowans a Girku, Kent a Bida, kuma tashar SIM ta farko a Pategi sai a 1902. ECWA kanta 1954 ce. Na uku, ta kai Miller Wusasa a 1900. A shekarar nan Kano suka je da Bishop Tugwell, Sarki Alu ya sallame su. Miller ya zauna birnin Zariya daga 1905, komawar mishan Wusasa kuwa sai 1929. Farar maka ba ta kama fleks, don haka a manna farin tef a kan kuskuren a rubuta gyaran da baƙa.

Ɗan Nijeriya na ƙarshe a jerin shi ne masanin tauhidi Byang Kato na Kwoi, wanda ya rasu a Mombasa a 1975. Ƙasar Zuru kuwa ko ambato babu, duk da 'yan mishan na UMS (United Missionary Society) sun shigo ta tun shekarun 1920, daga nan Ikkilisiyar UMCA, wadda ta fito daga aikinsu, ta yi jijiya. Majami'ar da ta saya ta samo kwali, ta zauna da dattawanta, ta rubuta sunayen masu bisharar farko na yankinta, ta rataya a gefe.

Kafin a biya, a sa mai shago ya warware ta. A wasu bugun haruffa masu ƙugiya sun fito akwati-akwati, kuma wadda aka ninke maimakon a naɗe tana da tsaga a tsakiya, daidai fuskar Crowther.