Miƙaƙƙe ko Lanƙwasasshe: Sharhi Kan Siffofin Lofe a Yanayin Bauchi

Nau'in lofe huɗu muka sha a nan Bauchi, tun daga hunturu har damina ta zauna, dukkansu na icen biraya. Akwai miƙaƙƙe mai tsayayyar tukunya da ake kira biliyad, da mai faɗin baki da tsukakken gindi da ake kira Dablin, da gajere mai faɗin ciki da ake kira fot, sai lanƙwasasshe mai sauka kan haɓa. Abubuwa uku ne ke raba hayaƙin wannan da na wancan, kuma duk a ciki suke: faɗi da zurfin ramin taba, kaurin bangon tukunya, da yadda aka huda kafar iska. Siffar da ido ke gani a waje, hannu da muƙamuƙi ne suka fi jin ta.

Biraya dai dunƙulen saiwar wani ice ne da ke fitowa a ƙasashen gaɓar Bahar Rum, irin su Italiya da Girka da Aljeriya da tsibirin Kosika. A garin Saint-Claude na Faransa sana'ar sassaƙa shi ta kafu a tsakiyar ƙarni na 19. Yana jure wuta, yana kuma tsotse damshi, shi ya sa ya rinjayi sauran itatuwa a wannan aiki.

Biliyad shi ne ma'auni. Raminsa kan kai faɗin milimita 19 zuwa 20, zurfinsa wajen milimita 40, bangonsa a tsaye daga sama har ƙasa. Yana cin taba giram 2 zuwa 3, wadda za ta kai ka minti 30 zuwa 45 in ba ka gaggawar zuƙa. Tun da faɗin ramin ɗaya ne, garwashin yana sauka daidai, ɗanɗanon farko bai yi nisa da na ƙarshe ba. Babban abin yabonsa shi ne kafar iska. Huda ce miƙaƙƙiya mai faɗin milimita 3.5 zuwa 4, kuma in maƙerin ya iya aikinsa za ta ɓullo ne a ƙasan ramin cif, a tsakiya. In ta ɓullo sama da gindi, tabar da ke ƙarƙashinta ba ta samun iska, sai ta jiƙe ta zauna, ka zubar da ita ba ka sha ba. In kuma ta nutse ƙasa da gindi, ɓarɓashin taba ne zai riƙa toshe ta. Aibinsa ɗaya: ba ya zama a haƙori. Tukunyar tana can nesa da baki, nauyinta na danna haƙoran ƙasa, don haka lofen hannu ne, na mai zaman kujera.

Dablin ya fi shi kyau a ido, ya kuma fi shi rigima. Faɗin bakinsa na sa wuta ta kama da wuri, amma da yake ramin na tsukewa yana sauka, duk man taba da damshin da hayaƙi ya tura ƙasa suna taruwa a ɗan wuri. Kashi ɗaya cikin uku na ƙarshe yakan yi ƙarfi da ɗaci. Wasu abin da suke nema ke nan, mu dai bai yi mana ba. Kuskuren da aka fi yi da shi a wajen cikawa ne: in ka danna taba da ƙarfin da ka saba a biliyad, gindin zai cushe ya hana iska wucewa. A cika shi kashi uku. Kashin farko a barbaɗa shi kawai, kada yatsa ya taɓa shi. Na biyu a ɗan dafa. Na uku ne ake dannawa. Sannan ka sa yatsa a ciki ka auna. Akwai Dablin na araha da aka tsuke wajensa amma aka huda raminsa a tsaye, sai bangon ƙasa ya zama siriri. Irin wannan yana zafi a tafin hannu, kuma ta nan yake ƙonewa ya ɓule.

Fot ne ya fi shan wahala a hannun yanayinmu. Raminsa kan kai milimita 22 zuwa 24, zurfinsa bai cika wuce 35 ba. Faɗin garwashi na ba shi hayaƙi mai yawa, kuma ya dace da tabar da aka gauraya ganye iri-iri, musamman mai Latakiya, ganyen taba da ake busarwa da hayaƙin ice, domin ganyayen na cin wuta tare, ƙamshinsu ya fito a haɗe. Da damina ba mu da ƙorafi a kansa. Da hunturu kuwa, daga Disamba zuwa Fabrairu, buɗaɗɗen gwangwanin taba kan bushe ƙayau cikin 'yan kwanaki, busasshiyar taba a faffaɗan rami kuma gudu take yi. Hayaƙin ya yi zafi, harshe ya yi raɗaɗi har washegari. Ga iska, wadda ke hura garwashin ta gefe ɗaya ta ƙone bango. Maganin ba a lofen yake ba, a tabar yake. A juye ta cikin kwalba mai murfin roba tun ranar da aka buɗe. In ta riga ta bushe, a zuba a kwano, a rufe bakin da jiƙaƙƙen tsumma mai tsabta ba tare da ya taɓa ganyen ba, a bar shi wasu sa'o'i. Kada a yayyafa ruwa kai tsaye, fumfuna ce za ta biyo baya. Gwajin mai sauƙi ne: ka matse ɗan kaɗan tsakanin yatsu, in ya dunƙule ya ƙi warwarewa ya yi jiƙa, in ya murmushe ya yi bushewa, in ya haɗu ya sake buɗewa a hankali to ya yi. A watan Agusta akasin haka ake yi, a baje abin da za a sha a kan takarda minti 15 ko 20 kafin a cika.

Lanƙwasasshe shi ne na mai aiki da hannu biyu, tela ko mai rubutu. Da yake tukunyar ta sauko kusa da haɓa, mai giram 50 ya fi miƙaƙƙe mai giram 40 sauƙin riƙo a baki. Sai dai hayaƙi kan hau ido. Matsalarsa ta gaskiya a wuyan lofen take. Ba a cika huda ice a lanƙwashe ba, don haka kafar iska da ramin da bakin zuƙa ke shiga suna haɗuwa ne a kusurwa. In ba a daidaita su ba, hayaƙi na cin karo da kafaɗa a wurin, ya huce, ya zama ruwa, sai ka ji lofe na ɓulɓul, wani lokaci ruwa mai ɗaci ya iso harshe. Wanda muka samu na araha, marar suna a jiki, haka yake: tsinken goge mai auduga ba ya wucewa sai an cire bakin, cire baki da zafi kuma shi ke tsaga wuya. Kamfanin Peterson na Ayaland ya magance wannan tun shekarun 1890 da wani ɗan rami a cikin wuya inda ruwan ke taruwa, kafar hayaƙi ta bi ta samansa. Dabarar tana aiki, da sharaɗin a goge ramin bayan kowane sha idan lofen ya huce.

Masu dogon kara, na santimita 25 zuwa 30, ana yabon su da sanyin hayaƙi. Sanyin kaɗan ne, bai kai wanda sassauta zuƙa ke bayarwa ba, kuma ba sa shiga aljihun kaftani.

Akwai maganar matatar hayaƙi, wato filta da ake sakawa cikin karan lofe. Kamfanin Savinelli na Italiya na amfani da ɗan icen balsa mai milimita 6, a Jamus kuma an fi son ta gawayi mai milimita 9. Tana rage damshi da kaifin hayaƙi, amma ba kaya ba ne na kowane kanti, kuma lofen da aka yi don matata in aka sha shi babu ita, sararin da ta bari ne ke tara ruwa. Ba kuma ta kawar da illa. Lofe kowace siffa yana jawo kansar baki da harshe da maƙogwaro ko da ba a haɗiye hayaƙin ba, ga nikotin mai kama mutum. Dokar taba ta ƙasa ta 2015 ta hana sayar wa wanda bai kai shekara 18 ba, ta kuma hana sha a wuraren taruwar jama'a.

Bakin baƙar roba ya fi taushi a haƙori, amma rana na dafa shi ya koma ruwan ƙasa-ƙasa mai ɗaci. Kada a bar shi a gaban mota da bazara. Na akirilik, wata irin roba mai sheƙi, ba ya canza launi, sai dai tauri. Sabon lofe kuma a fara shi da rabin ciki, a hankali, har ƙanzo ya kwanta a bango. Kaurin milimita 1 zuwa 1.5 ya isa. In ya wuce haka a kankare, domin yana kumbura da zafi ya fasa tukunya. Bayan sha a zura tsinken goge, a bar shi ya kwana ya bushe.

Wanda bai san girman ramin da zai yi masa ba, ya fara da na totuwar masara irin na kamfanin Missouri Meerschaum, da ake yi a Amurka tun 1869. Yana da araha, yana shan damshi sosai. Na yumɓu irin namu ma yana fitar da ɗanɗanon taba tas, sai dai a kara ake riƙe shi, tukunyar ba ta taɓuwa. In kuwa biraya za a saya, mu matsakaicin biliyad muka fi amincewa da shi, mai bangon da bai gaza milimita 6 ba. Kafin a ba da kuɗi a leƙa ramin da fitilar waya a ga inda kafar ta ɓullo, a zura tsinken goge daga baki a ga ko ya isa tukunya, sannan a zuƙi iska babu taba. In ya yi fito, akwai tsukewa ko kafaɗa a hanyar, kuma a nan ruwa zai riƙa taruwa.